Ranar da Na Hana Malamina Zuwa Kasuwar Nguru

Shekarun baya, lokacin da aka ba ni shugabancin wata firamare a Gashua, na tarar da yara maƙil a azuzuwa, malamai kuwa 'yan tsiraru. Aji shida ba su da mai koya musu lissafi, ga jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato. Na yi ta sintiri a ofishin ilimi har mai gadi ya koma gaishe ni da "an sake dawowa?" Da na ga jiran gawon shanu nake yi, sai na tuna da malamin da ya koya mini lissafi ina yarinya. Ya yi ritaya, yana karɓar fanshonsa, yana ɗan sarin busasshen kifi daga Nguru.

Na je gidansa na durƙusa na roƙe shi ya zo ya koya wa aji shida. Ya yi dariya ya ce, "Ke da kike kuka in an zo rabawa, yau ke ce hedimasta? Ikon Allah!" Ya amince, ƙungiyar iyaye ta ɗauki nauyin ɗan abin sayen sabulu. Masu magana suka yi ta yi, wai ga fansho ga alawus, tsoho zai ci da baki biyu. Duk wanda ya faɗa a gabana sai in ce ya kawo mini wani malamin lissafin gobe. Har yau ban ga kowa ba.

Matsalar daga wajena ta ɓullo. Mutumin da ya riƙe hannuna a kan allo, ta yaya zan zauna a kujera yana tsaye? Kullum da safe sai in durƙusa in gaishe shi a gaban malamai da yara. In ya shigo ofis zumbur nake miƙewa. Kafin wani lokaci iyaye sun daina zuwa wurina, sai gindin darbejiyar da yake zama. Ni dai na zama mai riƙe da makulli.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar kasuwar Nguru. Matasan malamai suka gano dabara: sai mutum ya je ya gaida Malam, ya ce zai leƙa Nguru. Dattijo kuwa in ka ce masa za ka yi tafiya, me zai ce ban da "Allah ya kiyaye hanya"? Shi ke nan an sami izini. In na ga aji ba kowa na tambaya, sai a ce, "Ai Baba Malam ya sani." Na sani sarai makarantar tana zamewa daga hannuna, kunya kuma ta ɗaure mini baki.

Wata ranar kasuwa da safe, malamai na ofishina, sai ga Malam da sallama. Ya ce, "'Yata, dillalina ya aiko kifi ya sauka da araha. Zan je Nguru in dawo."

Na hango wasu malamai sun riga sun zaro makullan babur, jira kawai suke in yi addu'ar hanya su bi bayansa. Ƙafafuna na son miƙewa, amma na danne kaina a kujera. Na ce, "Malam, a yi mini haƙuri. Yau aji shida suna da lissafi. Tafiyar ba za ta yiwu ba."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ke sa ni kuka a da. Can ya ce, "To, Hedimasta." Ya ɗauki alli ya fita. Makullan babur suka koma aljihu, kuma daga ranar a ofishina ake neman izini.

Na daɗe ina zaton shirya abin ya yi don ya ɗaga ni a idon malamai. Bayan yaran sun yi jarrabawa, akasarinsu sun wuce, na je yi masa godiya ban same shi ba. Na gaya wa matarsa zatona, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wane shiri, 'yar nan? Da gaske yake! Wani ne ya kwashe kifin, Malam ya cika mana kunne da mita, ko tuwon kirki bai ci ba ran nan."

Na ce, "Inna, ashe na saɓa masa. Bari in jira shi in nemi gafara."

Ta ce, "Gafarar me? Je ki majalisarsu ki ji. Duk wanda ya zauna sai ya ba shi labarin."

Abin da na koya shi ne ladabi daban, riƙon amana daban, kuma mutum zai iya haɗa su. Har gobe in na je gidansa a ƙasa nake zama, ban kuma taɓa nadamar abin da na yi ba. A hanyata ta fita ranar na bi ta kusa da majalisar, na jiyo muryarsa yana cewa, "Ni fa ta hana! A gaban kowa! Kun san wa ya koyar da ita?"