Wutar da Tukunyar Inna Take So

Mahaifiyata ba ta taɓa ganin Kano ba, amma tana da tukunyar Kano. A unguwar Hindawiyya ta nan Ƙasa Mai Tsarki aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta haife mu mu biyar. Tukunyar ta ƙasa ce, baƙa wuluk, kakarmu ce ta taho da ita shekarar da suka zo aikin Hajji ba su koma ba. Yadda ta ƙetare wannan doguwar hanya har da teku ba ta fashe ba, Allah kaɗai Ya sani. Sai da ta zo hannuna.

Da gas muke girki kamar kowa. Tukunyar tana saman kwaba, naɗe cikin tsohon zane. Sau biyu ko uku a shekara Inna takan sauko da ita, ta hau saman bene inda ta girke duwatsu uku, ta yi miyar kuka a kan itace. Ni ce auta, don haka ni nake riƙe mafici. Ni ce kuma mai gaggawar gidan, har yau ban daina ba.

Inna tana da dokoki a kan wuta. Muddin hayaƙi fari ne, ba a fifita, itacen bai ɗau zafi ba, iska sanyaya shi kawai za ta yi. Sai ya kama da kansa, sannan a kaɗa mafici daga ƙasa, a hankali. Tukunya kuwa ba a ɗora ta da sanyinta. Gefen murhu ake ajiye ta, ana juya ta, har jikinta ya yi ɗumi. Ma'aunin Inna bayan hannunta ne. Takan miƙa shi saman garwashi ta yi salati. In ta kai ƙarshe ba ta janye ba, wutar ta yi daidai. In zafi ya kore ta tun a tsakiya, sai ta zare itace guda.

"Ya Ummi, yunwa fa nake ji," nakan ce.

"Sauri ya haifi nawa, auta. Tukunyar nan ta girme ki, ta girme ni. Ba a yi wa tsohuwa tsawa."

Nakan juya ido in ci gaba da fifita.

Bara ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Sau uku a mako muke kai ta asibiti wankin ƙoda, abinci kuma ya fita daga ranta. Duk abin da muka kawo sai ta kalla ta kau da kai. Ta rame har awarwaronta yana zamewa. Wata Alhamis da hantsi na zo daga gidana a unguwar Rusaifa, na tarar da ita jingine da matashi, ta ce, "Auta, miyar tukunya nake marmari."

Wata biyu ke nan ba ta nemi komai da bakinta ba. Na yi murna ƙwarai. Sai dai bayan Azahar za mu tafi asibiti, lokaci ya ƙure, ita kuma ba ta iya hawa bene. Na ce ko ta halin ƙaƙa sai ta ci miyar nan kafin mu fita.

Na hau bene na haɗa itacen da ya rage, manyan guntaye, na kunna. Hayaƙi fari ya turnuƙe ni. Na yi fifita har kafaɗata ta gaji, wutar ta ƙi. Sai na tuna da ɗan injin hura wuta na maigidana, wanda yake tayar da gawayi da shi in sun fita gashin nama, minfak suke ce masa. Yana cikin mota. Na sauka a guje na ɗauko.

Gaskiya abin ya burge ni. Ina dannawa wuta ta tashi tana gurnani, hayaƙi ya ɓace, harshenta ya kai gwiwata. Na ce a raina, ashe shekara da shekaru wahalar banza muke sha. Na ɗauko tukunya daga ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana aiki, na zuba ruwa, na ɗora. Ban ajiye ta a gefe ba. Ban miƙa hannu ba, balle salati. Don ruwan ya yi saurin tafasa, na ƙara wa injin ƙarfi, na saita bakinsa a gindin tukunyar.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an karya busasshen kara. Sai ruwa ya tsiyaye cikin wuta, toka ta tashi. Tukunyar ta rabe biyu tun daga gindi har baki.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, injin yana gefena yana ta huci don na manta ban kashe shi ba. Daga nan na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Na sauka kicin na yi miyar a tukunyar ƙarfe a kan gas, na tsoma ɗan garwashi a ciki don ta yi ƙamshin hayaƙi, na tuƙa tuwo, na kai mata ina murmushi.

Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu. A ta uku ta tsaya.

"Ta yi daɗi. Allah Ya yi miki albarka." Ta goge hannu. "Je ki ɗauko mini ita."

"Wa, Inna?"

"Auta, ɗakin nan a ƙarƙashin murhun yake. Na ji kukan injin, na kuma ji nata."

Na kawo ɓarin biyu cikin zanen, na durƙusa ina cewa ta yafe mini. Na so ta yi faɗa, wallahi na so. Ba ta yi ba. Ta ɗora su a cinyarta, ta haɗa bakinsu, suka zauna daidai kamar ba abin da ya faru, ta saki suka rabu.

"Halas, ya wuce, bar kuka," ta ce. "Uwata takan ce a can gida da irin waɗannan ake rufe kabari kafin a zuba ƙasa. Kin ga ashe ba ta lalace ba, wani aikin ta samu." Ta ɗan yi dariya. "Sai dai nan ba sa yi."

Loma ukun nan su ne abincin kirki na ƙarshe da na ga ta ci. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu. Da za a fita da ita na miƙa wa babban yayanmu zanen da abin da ke ciki, na ce ko za a yarda a rufe kabarinta da su. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kin san ba za su bari ba." Ya mayar mini.

Ɓarin biyu suna saman kwabata a Rusaifa. 'Yata, wadda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, ta taɓa tambayata me ya sa nake ajiye fasasshen abu. Na buɗe baki zan gaya mata yadda ake gane wutar da ta yi daidai, har na miƙa bayan hannuna, sai na tuna babu sauran tukunyar da zan koya mata a kai.