Baba Sada, Ba Kai Ka Kashe Lawal Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shiga ofis da safen nan ƙanwata ta kira ni daga Ketare: Baba Sada ya rasu.

Har yanzu na kasa taɓa komai.

A garinmu Ƙonanne ake ce masa. A gabansa ake faɗa, har yaran da ya yi jika da su.

Maƙwabcinmu ne. A ƙarshen shekarun 1950, yana saurayi, shi da amininsa Lawal, mutumin Tafoki, suka tafi birni suka sami aikin lebura a tashar rarraba wutar lantarki. Wata rana da hantsi wayoyi suka haɗu a layi. Akwai bireka, babban makunnin da ke yanke wuta da kansa idan haka ta faru. Ranar ya ƙi buɗewa. Wuta ta yi ta kwarara har tankin mansa ya fashe. Lawal ya mutu nan take. Baba Sada ya shiga janyo shi, ya fito rabin fuska ya tafi, yatsu sun manne.

Manajan tashar ya same shi a gadon asibiti, ya ce masa ai shi Sada ya goge jikin birekan da safe, don haka shi ya taɓa wani abu. Aka sallame shi ciwo bai warke ba.

Ya yarda. Bai yi boko ba, kuma babba ya faɗa.

Da ya je gaisuwa Tafoki, yana tashi mahaifiyar Lawal ta sa aka share inda ya zauna. Wadda aka yi musu baiko ta ga fuskarsa sau ɗaya, washegari aka dawo da kaya. Bai taɓa aure ba.

Da waɗannan yatsun yake tufka igiya ya kai kasuwar Sheme. Shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo, shi ya girbe mana dawa, ko dami ɗaya bai karɓa ba. Da zan tafi karatun injiniya ya riƙe hannuna ya ce, "Wuta ba ta da aboki, Aminu. Ka riƙa tsayawa nesa."

Yau aikina shi ne kula da na'urar da ke gadin bireka. Idan an umarce shi ya buɗe ya ƙi, sai ta umarci duk birekokin da ke kewaye da shi su yanke wutar.

Da babbar sallah na nuna masa bidiyon gwajin da muka yi a wayata. Ya ce in maimaita.

"Tsaya," ya ce. "Ashe ƙarfen kan ƙi da kanshi? Ba sai an taɓa shi ba?"

"Yakan ƙi, Baba. Goge shi da tsumma ba ya hana shi buɗewa. Da a ce akwai wannan na'ura a tasharku, da kafin ƙiftawar ido wutar ta mutu."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Na zaci zai yi murna.

"To yanzu wa za shi faɗa ma uwar Lawal?"

Ta daɗe a kabari.

Na tafi Tafoki da kaina, na sami ƙanen Lawal, dattijo ne yanzu, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ka makara, yaro. Mu mun gama da shi tuntuni." Yau aka aika masa da lokacin jana'iza, ya ce yana da aiki a gona.

Ya Allah, Kai ne mashaidin da ba ya makara. Ka gafarta wa Baba Sada, Ka sanyaya makwancinsa, Ka haɗa shi da Lawal a Aljanna su gaisa babu mai share wurin zamansa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Kuma ku kira shi da sunansa: Sada.