Halliru na Kunya Uku

Wanda ya san Halliru Sulle a yau, a kan babur ya san shi, da akwatin allurar shanu ɗaure a baya, yana ratsa ƙauyukan Gwangwan daga wannan ruga zuwa waccan. Dattawa Malamin Dabbobi suke ce masa. Amma duk wanda ya yi samartaka a Rogo ko Ƙaraye wajen shekarar 2013 ya san shi da wani aikin daban.

A rugar mahaifinsa aka haife shi, shi ne ɗan fari wurin Sulle da Hajo. Da Fillanci ya buɗe baki, Hausa kuwa a kasuwa ya tsince ta, yana bin innarsa tallan nono. Sai da ya shekara tara yana bayan shanu kafin aka sa shi firamare. Abin da ya fi so a kiwo shi ne kira. Kowace saniya da sunanta, shi kuma yakan jero su da gudu, numfashi ɗaya, har ƙannensa su riƙa dariya.

Da ya ci jarrabawa aka tura shi sakandaren kwana a Ƙaraye. Can ya haɗu da Zaharaddini, ɗan manoman gyaɗa daga Tudun Kaya, wanda bakinsa ba ya hutawa, da kuma Lukumanu ɗan ƙauyen Turawa, shiru-shiru, amma ba ya zama kusa da tebur ko bokiti bai mayar da shi ganga ba. A gonar makaranta akan ba kowane ɗalibi kunya ɗaya ya nome, nasu ukun kuma a jere suke. Wata ranar Asabar Zaharaddini ya fara kwaikwayon gambarar zamani da ya ji a wayar yayansa, Lukumanu yana buga ƙotar fartanya. Halliru da ke tsakiya ya amsa masa da Fillanci, da irin saurin nan na kiran shanu. Ɗalibai suka yar da fartanyu suka zagaye su.

Malamin noma ya iso ya dube su. "Ku ukun nan ba ku da kunya."

Zaharaddini ya nuna ƙasa. "Malam, muna da ita. Ga su nan har uku."

Ranar, a matsayin horo, sun nome kunya tara maimakon uku, amma sun samu suna. Daga nan kowa Kunya Uku yake ce musu.

Da suka gama makaranta, mahaifin Zaharaddini ya yanka musu gefen gonarsa. Damina guda suka yi suna noman gyaɗa, da kaka ta yi suka sayar, suka hau mota zuwa Kano. Mai situdiyon da suka je wurinsa ya saurare su, ya kaɗa kai.

"Muryoyinku ba laifi. Amma ku cire yaren nan, ku sa Turanci. A birni ba wanda zai tsaya jin wannan."

Halliru ya sunkuyar da kai, har ya fara soke baitocinsa da biro. Lukumanu, wanda tun safe bai ce komai ba, ya riƙe masa hannu.

"Yallaɓai, masu Turanci sun cika garin nan. Mu daga Ƙaraye muka zo, abin da muka kawo ke nan."

Waƙa huɗu suka ɗauka. Ta ukun sunanta "Garken Baffa". Zaharaddini ya yi baitocin Hausa a kan shuka da roron gyaɗa, Halliru kuma ya jero sunayen shanun mahaifinsa da kirarin kowace. Suka kai wa masu tura waƙa a waya a tashar Rogo da kasuwar Ƙaraye. Kafin wata biyu 'yan acaɓa sun haddace ta, ana sa ta a gidan biki, wani direba ma ya ce ya ji ta a Funtuwa.

Duk wannan Halliru bai faɗa a gida ba, domin a danginsu ba a taɓa yin mawaƙi ba. Wani ƙanin Sulle ne ya dawo daga kasuwa da labarin cewa ɗan gidan ya zama maroƙi. Bayan la'asar Sulle ya aika a kira shi gindin ɗorawar da yake zama. Kasancewarsa ɗan fari, uban bai taɓa kama sunansa ba.

"Kai, an ce kana cikin waya. Kunna in ji."

Halliru ya tsuguna ya kunna. Sulle ya saurara, sandarsa a kan gwiwa, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Da ta ƙare ya ce a sake. Aka sake.

"Akwai wanda ka roƙa a ciki?"

"Babu, Baffa."

"Akwai wanda ka zaga?"

"Babu."

Sulle ya dube shi. "Ka kira Wule kafin Raneye. Raneye ce uwarta, ba a sa 'ya gaban uwa. Kuma ka bar Ɓaleye, wadda nononta ka sha lokacin da innarka take jinya. In ka koma wurin masu na'urar, ka gyara."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Halliru ya tashi ya zaga bayan garke, ya sake jera sunayen yadda uban ya faɗa. Mako na zagayowa ya koma Kano ya sake ɗaukar baitin, kuma gyararriyar ce ta fi yaɗuwa.

Shekara uku Kunya Uku suna tashe. Sun yi wasa a makarantu da bukukuwa tun daga Ƙaraye har Zariya, wani gidan rediyo a Kano ya gayyace su hira. Sun yi waƙar takin zamani, sun yi ta hanyar ƙauye da damina, sun yi wata a kan 'yan mata masu zuwa makaranta a keke. Rabuwarsu ba da faɗa ta zo ba. Gidan rediyon nan ya ɗauki Zaharaddini aiki saboda bakinsa. Lukumanu ya koyi haɗa kiɗa a kwamfuta ya buɗe ƙaramin situdiyo a Ƙaraye. Halliru kuwa wani mai shirya waƙoƙi ya kira shi Kaduna ya yi waƙa shi kaɗai.

Wata takwas ya yi a can, har sunansa ya fara fita, sai aka bugo masa waya cewa ciwon huhu ya shiga shanu. Ya tarar da garken ya ragu sosai, Raneye tana cikin waɗanda suka tafi. An kawo allurar riga-kafi yankin kafin cutar ta ɓarke, amma makiyaya ba su fito da shanu ba, domin masu allurar ba sa jin Fillanci, su kuma ba su yarda da baƙi ba. Halliru bai koma Kaduna ba. Ya nemi gurbin karatun lafiyar dabbobi, ya yi shekara biyu, ya dawo gida da difiloma.

Riga-kafinsa na farko, ya yi mako yana bin rugage, ana ba shi fura ana yi masa alkawari, amma ya san ba za a zo ba. Sai ya tafi Ƙaraye.

"Ina son kiɗa," ya ce wa Lukumanu. "Minti biyu kawai."

"Wa zai yi Hausar?"

"Kira mana mai bakin nan."

Zaharaddini ya zo ranar hutunsa. Suka yi waƙar da ta faɗi alamun ciwon, da ranar allura, da filin da za a taru, rabi Hausa rabi Fillanci. Zaharaddini ya sa ta a shirinsa, Halliru ya ɗaura lasifika a babur. Ranar allurar, tun hantsi filin ya cika da farfarun shanu, kuma Sulle ne ya fara shigo da nasa. Kafin azahar allura ta ƙare, sai da aka aika a ƙaro. Babban likitan da ya zo daga Kano ya tambayi wanda ya tara jama'ar nan, wani tsoho ya nuna Halliru da sanda ya ce, "Ɗan Sulle ne. Namu ne."

Yanzu Zaharaddini yana da shirin manoma sau biyu a mako. Rabin waƙoƙin biki na Ƙaraye da Rogo daga situdiyon Lukumanu suke fitowa. Halliru ya auri Sadiƙa, malamar firamare a Gwangwan, suna da 'ya'ya biyu. In aka tambaye shi yaushe ƙungiyarsu ta watse, yakan ce ba ta watse ba, aiki ne ya yi wa kowa yawa. Duk shekara bayan babbar salla sukan haɗu su ɗauki waƙa ɗaya. Ta bana a kan kaska ce. Halliru ya gama nasa baitocin tun kafin azumi, Zaharaddini suke jira.