Lahadin da Kasuwa Ba Ta Ci Ba

Asabar: Gusau zuwa Anka

Ana idar da sallar Asuba na kama hanyar tasha, jaka a kafaɗa. Ni tela ne, zaman keke na iya, tafiya kuwa ko ta biki ce sai an yi da gaske nake tashi. Amma wannan ba ta da makawa. Ranar Juma'a da yamma wani direba ya biyo ta shago da saƙon Inna daga gidanmu na Gummi: ƙanwata Balkisu ta sauka ranar Alhamis, an sami namiji. Mijinta Sani ya rasu a haɗarin babur tana da ƙaramin ciki. Mahaifinsa, Baba Mamman, yana wani ƙauye gaba da Bukkuyum, bai san an yi masa jika ba. Inna ta ce in bi ta can in gaya masa kafin ranar suna, kada yaro ya rasa uba kuma ya rasa dangin uba.

A da, irin wannan saƙo ba sai mutum ya tashi ba. Ka buga waya, ko ka gaya wa mai zuwa kasuwa, kafin la'asar ya isa. To, shekarar ce da aka rufe layukan waya saboda 'yan bindiga, aka hana cin kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka da safarar dabbobi.

Muka cika wata tsohuwar bas, gwiwata a bayan na gabana. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, dama da hagu kore shar har inda ido ya tsaya. Na daɗe ban ga ƙasarmu da kyau haka ba, kuma na daɗe ban ji mota shiru haka ba.

A shingen da ke kusa da Anka aka sauke mu aka buɗe kaya. Wani jami'i ya zaro koriyar kwalba irin ta giya daga jakata, ya ɗaga ta sama. Maiɗakina ce ta zuba wa mai jego zuma a ciki, ban san inda ta samo kwalbar ba.

"Malam, mene ne wannan?"

"Zuma ce, ranka ya daɗe."

Ya buɗe ya sansana, ya lakata ya lasa, sannan ya yi murmushi ya ce in canza mata mazubi kafin ta ja mini magana. Mutumin da ke kusa da ni a mota, wani Ibo mai sayar da kayan babur a Anka da ake kira Oga Emeka, ya yi ta dariya har muka koma mazauni. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Ya ce yana nan aka kafa dokar hana giya, yana kallo gidajen da ake sha suka koma shagunan hatsi da na ɗinki.

"Garinmu kuma, sa'adda nike yaro, ran Lahadi ko ashana ba ka samu, kowa na coci," in ji shi. "Amma wagga ta hana kassuwa ɗungum, ban taɓa ganin irinta ba."

A Anka ba a sami motar Bukkuyum ba, babu mai. Na kwana a zauren wani tela abokin sana'a, aka kawo mana hoce, gasasshiyar wainar dawa, da ƙuli, na ci har na ji kunya.

Lahadi: Bukkuyum da ƙauyen Baba Mamman

Da hantsi wata a-kori-kura ta sauke ni Bukkuyum, na hau babur zuwa ƙauyen. Ɗan acaɓan ya ce kada in wahalar da kaina zuwa gida. "Yau Lahadi, tsohon shina kassuwa."

"Ba an hana ba?"

"An hana," ya ce, bai ƙara ba.

Na taɓa zuwa kasuwar nan lokacin bikin Balkisu. Tun daga nesa kake jin ta kamar rugugin hadari. Ranar nan kuwa kukan kurciya nake ji. Rumfuna a tsaye, babu buhu, babu mudu, babu hayaƙin tukubar mai tsire. Turakun kara babu ko akuya, ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsu.

Amma akwai mutane. Kowane dattijo yana zaune a rumfarsa, kan buzunsa, da wankakkiyar riga, gabansa wayam. Sarkin fawa yana inda yake rataye nama, ma'auna suna layinsu, wasu Fulani suna gindin tsamiya inda matansu kan ajiye ƙoren nono. Ba mai saye, ba mai sayarwa. Wanda ya shigo sai ya bi rumfa-rumfa yana gaisuwa, ya faɗi abin da ya ji a garinsu, wa ya rasu, wace hanya ce ta yi kyau, ya karɓi na wasu ya tafi da shi.

Na sami Baba Mamman a bakin kara, inda ya yi dillancin awaki tun yana saurayi. Ƙafafunsa sun kumbura, a kan jaki ake kawo shi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi wannan zama fa.

"Ciniki anka hana, ɗana. Ba a hana mu zama ba. In mun bar zuwa, wa ka sanin wa ad da rai?"

Sai na faɗi abin da ya kawo ni. Ya kawar da kai, ya daɗe yana kallon turakun nan. Sani ɗansa na fari ne, bai taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da aka kai shi makwancinsa. Da ya juyo ya ce, "A mai da sunan yaron nan." Na gane wanda yake nufi.

Ya aika gida aka jawo wani farin rago mai baƙin kunne. Sani ne ya saye shi tun ragon yana ɗan ƙarami ya bar masa kiwo, ya ce na suna ne. Na dubi ragon na dubi ɗan acaɓa, ya girgiza kai. Babu direban da zai ɗauki dabba ya tunkari shinge, ni kuma ko ƙofar gari ba zan kai da ƙafa ba.

Baba Mamman ya ɗaga murya: "Jama'a, ga ragon maraya za shi Gummi, suna ran Alhamis. Wa ka yin yamma?"

Wani ma'auni ya ce gonarsa tana can, zai kai shi wa surukinsa a ƙauye na gaba. Na kwatanta gidanmu: bayan masallacin unguwa, mai bishiyar darbejiya a ƙofa. Ya maimaita sau ɗaya, ya kama igiya ya tafi. Ina ji ina gani rago ya shige cikin gero, a shekarar da ake kore garke guda da rana tsaka. A raina na yi masa sallama.

Litinin zuwa Alhamis: Gummi

Na isa gida Litinin da azahar. Inna ta karɓi zuma tana faɗan kwalba. Balkisu ta rame, jaririn kuwa goshin Sani ya ɗebo. Na ba ta labari duka. Ba ta tambayi komai ba sai, "Yaya, da bakinshi yac ce a mai da sunan?" Na ce da bakinsa.

Talata shiru. Laraba shiru. Na ce da Inna bari in zagaya unguwa ko wani zai sayar mini da na gidansa a ɓoye. Balkisu ta jiyo daga ɗaki.

"Yaya, kak ka sawo. In ba na gidansu ba ne, a raɗa suna hakanan. So nike in ya girma in ce mishi dangin ubanai sun san da shi."

Alhamis da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zauna, an raba goro da dabino, mahauci yana gefe da wuƙarsa ba abin yankawa. Ni dai kaina a ƙasa. Liman ya gyara murya zai fara, sai muka ji sallamar mace.

Wata dattijuwar Bafillatana ce, ƙwarya a kai, zanenta jiƙe da raɓa har gwiwa, tana jan farin rago mai baƙin kunne.

"Nan a gidan mai jego? Ragon maraya nik kawo."

Na tashi na taɓa ragon, shi ne, har ya fi yadda na bar shi cikar ciki. Na tambaye ta ko ta san Baba Mamman. Ba ta san shi ba, ba ta san Sani ba. Wani manomi ne ya kawo shi rugarsu jiya da yamma, shi ma wani mai jaki ya ba shi, shi ma bai san na farko ba. Abin da kowa ke gaya wa na gaba ke nan: ragon maraya, Gummi, bayan masallaci, gida mai darbejiya, kafin Alhamis.

Ta sauke ƙwaryar. Ba nono ba ne a ciki. Ƙullin gero sabon sussuka, ƙullin wake, kanwa, busasshiyar kuɓewa, da curin man shanu nata. Ta ce duk hannun da rago ya bi sai an ɗora wani abu, an ce a kai wa uwar yaro.

Liman ya share ido da bakin rawani, ya yi addu'a, aka yanka, aka ce yaro ya ci suna Muhammadu Sani. Daga cikin gida na ji kukan Balkisu, Inna ba ta hana ta ba. Kafin in shiga in fito da tukuici, matar ta ɗauki ƙwaryarta da igiyar ragon ta tafi, ta ce shanu na jiranta.

Asabar: komawa gida

Na dawo Gusau da la'asar lafiya, da ƙafar rago da Inna ta ƙunsa wa maiɗakina. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa telan Anka da ɗan acaɓan Bukkuyum. Sauran waɗanda suka fi cancanta ban san sunan ko ɗaya ba, Allah Ya san su.

Da aka buɗe kasuwanni na koma ƙauyen wata Lahadi da hoton yaron. Kasuwa ta cika maƙil, da kyar na kai bakin kara. Wani ne zaune a wurin Baba Mamman. Ya ce tsohon ya rasu da kaka, amma labari ya riga ya iske shi. Tun Lahadin da ta biyo bayan suna aka kawo masa igiyar ragon har wurin zamansa, ta hannayen da suka kai ragon.