Rabin Ƙwaya

Kaf layin an san Inna mai ɗinki da tattali. Ko ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ba ta yarwa, kuma da haka ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar maigidanta.

Da tarin fuka ya kama autanta, direban babbar mota, asibiti suka riƙa ba shi magani kyauta, irin wanda ƙasashen waje ke aikowa. Tarin ya lafa, har ya fara mayar da jiki. Sai wata rana tana kan keken ɗinki ta ji a rediyo wai masu tallafin za su janye hannu. Ta ɗauki almakashi ta riƙa raba kowace ƙwaya biyu, ta ba shi rabi, ta ƙulle rabi a bakin zani saboda gaba.

"Inna, maganin ma ramewa yake yi?" auta ya tsokane ta.

"Sha, ka bar surutu."

Ranar da ta ga jini a hankicinsa, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta garzaya da shi asibiti. Bayan gwaji, nas ta ce, "Mama, cutar ta daina jin maganin. Yana sha daidai kuwa? Ga shi jibge a sito, bai taɓa yankewa ba."

Inna ta kwance ƙullin, rabi-rabin suka watse a kan tebur.

"'Yar nan, ni fa ajiye masa nake yi."