Ɗanyen Waken da Yaya Arzika Ya Ajiye a Kan Tebur

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana Arzika makwancinsa, a ƙarshen kaka, ana cikin ɗaurin damman gero. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in sake ajiyewa. Abin da ke hana ni shi ne labarin da ya fi dacewa in bayar ina cikinsa, kuma ban fito da kyau ba. Bana na ga gwiwoyina sun fara yi mini gardama, na ce gara in faɗa da bakina tun ina iyawa.

Yaya Arzika manomi ne, bai taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, ba, ko bihim bai sani ba a faransanci. Shi ne dai ya ɗora ni a kan jakinsa ya kai ni lakwal ranar farko, ina kuka yana dariya. A zamanin soja, da aka kafa majalisar raya gari a ɗan garinmu da ke kan hanyar Konni zuwa Malbaza, manoma suka tura shi wakilinsu. Ni kuma a lokacin ina koyarwa, sai aka naɗa ni mai rubuta abin da aka tattauna, kuma tafinta. A ajina ake zaman. Dattawa su takure a bencin yara, gwiwa har haɓa, idan motar siminti ta wuce tagogi su ɗauki rawa, mai magana ya dakata da baki buɗe har ta yi nisa.

Cikin duk abin da majalisar ke yankewa, babu mai nauyin ranar sakin gonaki. Ita ce ranar da ake ba makiyaya izinin shigo da dabbobi su ci kara da harawa bayan manoma sun kwashe amfaninsu. In an yi gaggawa, shanu su cinye abin da ba a girbe ba. In an yi jinkiri, dabba ta mutu tana kallon abinci. Yaya yana da hanyarsa da ba wanda ya sa shi. Kwana uku kafin zama zai hau jaki ya zagaya gonaki, har ƙauyukan da ke wajen Dogarawa, ya tsinko kwanson wake daga nan da can ya cika aljihu. Ranar taro sai ya zube su a kan teburina, ya danna farce a kan ɗaya. In ya fashe ya yi ƙas, a saki gonaki. In ruwa ya fito, a dakata. Mutane suna yi masa ba'a, suna ce masa likitan wake, shi kuwa amsarsa kullum ita ce gani ya kori ji.

Shekarar da nake magana a kanta ruwa ya yi mana wasa. Shukar farko ta ƙone, aka sake, gero ya zo kaɗan. Matan ƙauye suka koma suka shuka wake a makare a gamanarsu, wato ƴan gonakin da mace ke nomawa don kanta, kuma waken nan shi ne dukan abin da gidaje da yawa suka sa wa rai. A arewa ma ciyawa ba ta yi ba, garkuna suka gangaro da wuri suka tsaya a bakin burtali. Wanda zai shugabanci zaman wani ma'aikaci ne da aka turo daga nesa, watansa biyu a yankinmu, ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Ana gobe taro ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ba ni ranar da aka saba sakin gonaki a shekarun ruwa, ya ce in buga takarda. Na buga. Har da layin ƙarshe na buga, mai cewa kowa ya amince, alhali ko benci ba a jera ba.

Da aka zauna, Ardo Sambo, shugaban makiyayan yankin, ya fara magana. Ya ce, “Kwana ashirin shanunmu na tsaye suna kallon kara. Jiya biyu sunka kwanta, ba su tashi ba. Ku hwaɗa muna, mi za su ci?”

Yaya ya miƙe, ya zube wakensa, ya danna farce. Ruwa ya fito kore shar. Ya ce, “Ardo, gaskiya gare ka, ban zaka in yi musu da yunwar dabba ba. Amma dibi wanga wake. Na mata na, kuma kwana goma ɗai shika nema.” Daga nan ya faɗi abin da ya kwana uku yana ƙullawa. Shi da manoma shida masu gonaki a bakin burtali sun gama kwashe nasu, sun yarda a saki shanu a cikin gonakinsu tun washegari, su ci karan da harawar da ya kamata su adana wa nasu dabbobin, a ɗaga wa sauran gonaki ƙafa kwana goma. Ya kira sunayen mutum shidan ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi rijiyar da za a shayar. Na ga Ardo yana gyaɗa kai.

Sai duk ido ya dawo kaina, domin a wancan zamani magana ba ta zama magana sai ta shiga kunnen mai hatimi. Takardar da na buga tana ƙarƙashin hannuna. In na fassara abin da Yaya ya ce, na gaya wa babba a gaban jama'a cewa takardarsa ba ta yi ba. A lokacin kuma ina jiran a ba ni shugabancin lakwal, kuma na san malaman da aka jefa can ƙuryar arewa a kan abin da bai kai wannan ba. Tsoro na ji, ba wani suna da zan ba shi. Na ce da faransanci, wakilin manoma yana cewa waken wasu bai gama bushewa ba, amma yana fatan alheri. Ma'aikacin ya duba agogo, ya yi godiya, ya karanta ranar da ke takarda. Muka tafa, kamar yadda muka saba.

A hanyar gida muka kai gindin tsamiyar kasuwa. Yaya ya tsaya, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, “Mushe, ni ban san nasaranci ba, amma na san tsawo. Na yi magana tsawon shan hura, kai ka maishe ta tsawon atishawa. Sauran ina ka kai ta?” Na sunkuyar da kai. Bai jira amsa ba, ya kaɗa jakinsa.

Mai shela ya bi kasuwanni yana sanar da ranar sakin. Ardo ya yi ƙoƙarin riƙe mutanensa, amma garkunan da suka zo daga arewa ba sa ƙarƙashinsa, kuma hukuma ta ba su izini. A kwana biyu waken matan ya tafi. Wata bazawara mai suna Tsahara ta tsaya a gamanarta da taɓarya tana korar shanu tana kuka, ƙanenta ya zo taimako, sanduna suka tashi. Aka karya hannun ƙanen, aka fasa kan wani makiyayi, jandarma suka kwashe mutum huɗu. Da rani matan nan da yawa suka tsallaka iyaka neman aikatau, Tsahara ba ta sake dawowa da zama ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da ma'aikacin nan ya ji labarin gonakin bakin burtali daga bakin wani. Ya dafe kai ya ce me ya sa ba wanda ya gaya masa. Ina tsaye a gefensa da takardu a hannu. Ashe mutumin da na ji tsoro ba mugu ba ne, baƙo ne kawai.

Yaya bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Bai daina aiko mini da damin gero ba, bai daina zuwa suna da biki a gidana ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kaka biyu da suka rage masa ya ci gaba da zagayensa, yana zube wake a kan teburina, amma duk lokacin da zan fassara sai ya ɗan juyo ya dube ni. An ba ni shugabancin lakwal ɗin kuwa. Na yi shekara tara a kujerar, ban taɓa jin daɗinta ba.

Yanzu zamani ya juya, muna cikin na jam'iyyu. An gina zauren taro mai fanka, da Hausa ake magana, ba a neman tafinta, ba mai tsoron kowa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin da farko zai yi murna, don shi mutum ne mai son a faɗi magana a fili. Amma na halarci zaman sakin gonaki na bara, aka kwashe tun hantsi har azahar ana rigimar wa zai zauna a kujerun gaba, da wace jam'iyya za ta fara magana. Kowa ya kira talaka, kowa ya kira manomi da makiyayi, na duba ƙafafun masu maganar ban ga wadda ƙarangiya ta kama ba. Da lokacin salla ya matso aka karanta ranar da aka zo da ita daga buro, aka watse. Taron tsintsiya ba shara. Da can tsoro ke haɗiye magana, yanzu hayaniya ke haɗiye ta, waken kuma bai san an sauya mulki ba. Na gaji da zuwa irin wannan zama, wallahi na gaji.

Bana ma ruwa ya makara. Ban iya hawan jaki, sai na nemi mai amalanke ya zagaya da ni kwana biyu, ina sauka da ƙyar ina tsinkar wake. Ranar taro na jira har aka gama rabon kujeru da jawabai, aka ba ni magana a ƙarshe don girman furfura. Na zube waken, na danna farce, ruwa ya fito. Sannan na faɗi maganar Yaya tun daga farko har ƙarshe, da sunayen mutum shidan, waɗanda huɗu daga cikinsu sun rasu, na kuma faɗi abin da na yi da ita a wancan zama. Ƴaƴan masu gonakin bakin burtali suna wurin, uku suka miƙe suka ce abin da iyayensu suka yarda da shi su ma sun yarda.

Ardo Sambo yana nan da rai, ido ya tafi, sai an riƙe masa sanda. Ya ce a miƙo masa kwanso ɗaya. Ya murza shi a yatsu, ya kai hanci, ya ce, “Wanga aikin Arzika na. Wa ya kawo shi?” Aka ce ƙanensa. Ya ce, “To, magana ta iso. Ta daɗe bisa hanya.” Shi da bakinsa ya roƙi a ɗaga ranar. Aka sake wata gardamar a kan wace jam'iyya za a rubuta ta kawo shawarar, daga ƙarshe aka ba da mako guda, ba kwana goma ba. Waken wasu ya tsira, na wasu bai tsira ba.

In aka nemi Yaya Arzika a takardun majalisa ba za a same shi ba. Abin da za a samu, in gara ta bari, shi ne layin da na buga cewa kowa ya amince. An raba gonarsa, jakin ya mutu, matasan garin ba su san fuskarsa ba. Abin da ya rage shi ne ɗabi'ar mutumin da ba ya yanke hukunci a kan gonar da bai taka ba, kuma wanda kafin ya ce wa wani ya yi haƙuri sai ya fara buɗe tasa gonar. Ban sani ba ko wannan zai wuce ni, don ban ga wanda ya tambaye ni hanyar zagayen ba. Wanda ya san shi, ya sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa.

Ban taɓa roƙonsa gafara ba yana raye, kunya ta hana ni, kamar yadda tsoro ya hana ni a gaban baƙo. Yaya, ka tambaye ni a gindin tsamiya inda na kai sauran maganarka. Tana wurina duk shekarun nan, ban bar ko kalma ɗaya ta ɓace ba. Bana na kai ta inda ka aike ni, sai dai Tsahara ba ta nan ta ji.