Gurbin Harmen a Lasisin Mahaifinmu

Mahaifinmu, Tjibbe Algra, ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗaga gada a garinmu. In jirgin ruwa ya zo, sai ya tsayar da motoci, ya ɗaga gadar, jirgi ya wuce, ya sauke. Ba mai yawan magana ba ne, amma ya saba a jira shi. Da aka miƙa aikin ga na'ura, aka sallame shi da agogon bango da kwandon furanni. Bayan shekara biyu mahaifiyarmu ta rasu, ya rage shi kaɗai a gidan bakin ruwa.

A lokacin ne ya sayi lasisin manhajar ofis, irin na iyali mai gurbin mutum shida, shi da ko wasiƙa bai cika rubutawa ba. Ya ba ni gurbi, ya ba mijina da 'ya'yana biyu, ya riƙe ɗaya. Na shida ya ba ƙanena Harmen, malamin makaranta a Zwolle, wanda sai ya ga dama yake tuna yana da uba.

Nawa tun ranar da aka kunna shi ko tari bai taɓa yi ba. Na Harmen kuwa duk bayan wata biyu sai ya mutu. Yana tsakiyar shirya jarrabawar ɗalibai sai jan rubutu ya fito, wai ba ya cikin lasisin. Kafin a mayar da shi sai an tura lamba zuwa wayar mai lasisi, lambar kuma minti goma take yi ta lalace. Heit, wato Baba, kamar yadda muke kiran mahaifin namu, minti goma bai ishe shi neman tabarau ba.

"Baukje, don Allah ki yi wa tsohonki magana," in ji Harmen a waya. "Sau huɗu ana turo lambar. Ya karanto mini lambobi uku, ya ce saura sun gudu."

"Tsohona ni kaɗai? To ka taso ka zo mana, ƙafarka ciwo take?"

Haka zai kwaso kwamfutarsa ranar Asabar, ya yi tuƙin fiye da awa guda yana ƙunƙuni. Heit kuwa tun Juma'a ya aske gemu, ya sa rigar zuwa coci, ya aike ni sayen bandar kifi da burodi mai sukari. Ni da nake zuwa duk Alhamis da Lahadi, in yi wanki, in share, in jera masa magunguna, ba a taɓa aske gemu saboda ni ba. Ruwan kofin da ya kwana a filas ake ba ni. Kishi nake yi, ba na ɓoyewa, kuma shekarata hamsin da uku.

Wata Alhamis ina goge tagar ɗakin zama ta waje, na hango shi gaban kwamfuta, tabarau a hanci. Ya buɗe jerin sunayenmu shida, ya kai kan Harmen, ya danna cirewa, ya tabbatar. Ya rufe, ya cusa tabarau ƙarƙashin matashin kujera.

Na shiga da tsumma a hannu.

"Ashe Heit ne yake kashe wa Harmen aiki?"

Bai ko ji kunya ba. "Ba kashewa nake yi ba, tsayar da shi nake yi. In ya zo sai in buɗe."

"Yaron nan har rubuta wa kamfanin ya yi yana zaginsu."

"Sun saba."

Ya kamata in yi faɗa saboda ƙanena, amma ba abin da ya fito daga bakina ke nan ba. Cewa na yi, "To ni fa? Shekara huɗu, Heit bai taɓa cire ni ba ko sau ɗaya."

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ruwa yake gangara. "Ke ai kina zuwa, 'yar nan. Ki biya wajen mai kifi gobe."

Na sayi kifin, na ajiye masa a bakin ƙofa. Ranar Lahadi na ce kaina na ciwo. Alhamis na roƙi maƙwabciyarsa ta duba masa magunguna, na ce aiki ya yi mini yawa. Ban faɗa wa kowa abin da nake jira ba, don abin kunya ne. Kullum da safe kafin in ɗora ruwan kofi sai in buɗe kwamfuta, in tarar komai lafiya lau, raina ya ɓaci. Na fara tunanin ko mai share gida kawai ya rasa, ita kuwa ana iya samun wata. Mijina ya ce bai taɓa ganin wadda take fushi da na'ura don tana aiki ba.

Rana ta goma sha ɗaya, na buɗe takardar da nake rubutawa, jan rubutu ya fito: an cire ki daga wannan lasisi, ki tuntuɓi mai shi. Na duba na mijina, yana aiki. Na yaran ma haka. Ni kaɗai aka cire. Harmen sai ya yi wata biyu kafin Heit ya kasa haƙuri, ni kwana goma sha ɗaya. Na zauna ina karanta jan rubutun nan ina maimaitawa, idona ya cika da ƙwalla.

'Yata Sietske ta leƙo ta kafaɗata, tana tauna burodi.

"Mem," in ji ta, wato Mama, "wannan ai ba komai ba ne. Na san kalmar sirrin Kaka, minti biyu in mayar da ke."

Na janye kwamfutar zuwa ƙirjina.

"Kada ki taɓa. Miƙo mini makullin mota."